Haltitin Alhaji Barau

Duk wanda ya taɓa tsayawa Talatar Mafara ya sayi kilishin tsaraba, da wuya a ce bai ci na hannun Alhaji Barau ba. Mahauci ne ɗan mahauci, kuma wuƙarsa ta yi suna. In ya zauna da tsokar cinyar saniya, sai ya yi ta buɗe ta yana warwarewa har ta koma kamar mayafi, ka ɗaga ta ka hango mai tahowa ta cikinta. Wannan kowa ya yarda. Abin da ba wanda ya yarda da shi shi ne a ce Barau manomi ne. A garin da ruwan dam ɗin Bakolori ya sa kowane yaro ke tashi da laka a ƙafa, in mahauci ya saɓi fartanya sai a tambaye shi wa ya aike shi da ita.

Maganar ta samo asali ne daga Makka, shekarar da suka sauke farali shi da amininsa Ɗan Asabe, babban manomin shinkafa. Wani dattijo ɗan Afganistan da masaukinsu ke kusa da nasu ya zubo musu dafaffen wake. Barau ya kai loma ɗaya ya tsaya cak. Mutum ne da hancinsa ya san kayan yaji kamar yadda ya san 'ya'yansa, amma wannan ƙamshin bai san shi ba. Ba albasa ba, ba tafarnuwa ba, kuma duk ya fi su. Ya yi ta nuni da hannu har dattijon ya gane, ya kwance wani ƙulli ya miƙo musu ɗan dunƙulen ƙaro ja-ja. Ɗan Asabe ne ya fara kai hanci, sai da ya ja da baya yana salati, idanunsa na hawaye.

Haltiti ke nan, wanda masu kantin maganin Musulunci ke sayarwa ɗan mitsitsi don kumburin ciki. Ɗanyensa wari ne na fitar hankali, amma a jefa ɗan ƙwaya a mai mai zafi, sai warin ya juye ya zama ƙamshi. Nan take Barau ya hango shi a cikin labu, wato kwaɓin tunkuzar gyaɗa da yaji da ake tsoma kilishi a ciki. Dattijon ya ba shi iri cikin tafin hannu, wani ɗalibi ɗan Najeriya ya yi musu tafinta. Irin ba ya tsira sai ya sha sanyi. Shukar ba ta son ruwa. Duk bazara ganyenta zai bushe ƙurmus, amma saiwar na nan da ranta a ƙasa. Sai ta shekara huɗu ko biyar sannan a yanka kan saiwar, madararta ta fito ta daskare, ita ce haltitin.

Ɗan Asabe ya yi dariya tun daga Makka har Mafara. Amma da suka dawo, shi ne ya kai Barau wani tudunsa mai tsakuwa a hanyar Garbadu, can bayan kanal, inda ruwa ba ya hawa.

"Ga wurin ga, je ka shuka warinka," in ji shi. "Aro ni ba ka, har ka girbe. Kuma ranar da abin ga yay yi, wallahi ni da bakina ni ka kiranka manomi tsakar kasuwa."

"Ka riƙe maganag ga," in ji Barau.

"Na riƙe. Ai na san ba ni biyanta."

Aron gona a wurinmu yana da ƙa'ida, kuma ba a wasa da ita. Muddin shukar mai aro na tsaye da ranta, mai gona ba ya karɓar gonarsa, ko da shi ne sarki. Amma ranar da aka girbe, ko shuka ta mutu, ƙasa ta koma hannun mai ita, ba sai an yi dogon bayani ba.

Abin da Barau ya yi a tudun nan ya ciyar da majalisun Mafara da hira shekara da shekaru. Da farko ya cuɗa irin da yashi mai laima ya kai ajiya firjin wani mai sayar da ƙanƙara, aka ce Alhaji ya fara noma a firji. Da suka tsira ya dasa su a kan kunya masu tsawo, ganyensu ya fito kamar na karas. Da bazara ta zo suka bushe, aka zo yi masa jaje da dariya a ciki. Mafi daɗin labarin shi ne na damina. Lokacin da kowa ke ɗaga kai yana roƙon ruwa, Barau ya sayi zana da bunu ya yi wa kowace saiwa 'yar bukkarta don kada ruwa ya taɓa ta, ya haƙa lambatu ya kore shi gangare. Matarsa Hajiya Taiba ta ce ita dai ba ta taɓa ganin shukar da ake gina wa ɗaki ba, saura a saya mata katifa.

Da yawa sun mutu, gaskiya, domin ƙasarmu ba tasu ba ce. Amma waɗanda suka rage, duk shigowar sanyi sai su sake fitowa, ganyen ya fi na bara faɗi. Ɗan Asabe kan biyo ta tudun in ya taso daga fadama, ya tsaya daga nesa ya toshe hanci da gangan, ko da yake ba abin da ke wari tukuna, ya ce, "Mahauci, ƙaƙa majinyata?" Barau ya ce suna gaishe shi.

A shekara ta biyar, shekarar da za a yi yankan, Ɗan Asabe ya kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Barau ya ji mutuwar nan har cikin ƙashinsa. Bayan sadakar arba'in shi ma ƙafa ta kama shi, tsohon ciwon da yawan zama a kan nama ya bar masa, ya yi makonni ko masallaci ba ya iya zuwa. Bai damu da tudu ba, don bazara ta kawo kai, lokacin barcin shukar ne, ba abin da take nema sai a ƙyale ta.

Gonakin marigayi kuwa sun koma hannun babban ɗansa, Abdulmumin, wanda ya daɗe a Bakura yana noman shinkafa, bai san komai game da haltiti ba illa ana ce da shi haukan Baba Barau. Yaron kirki ne, wannan sai a faɗa. Da ya zagaya ganin gonaki ya hau tudun, ya tarar da ganye ya yi rawaya yana zubewa, ga mai shukar a kwance ba lafiya, sai tausayi ya kama shi. Mutumin Bakolori in ya ga shuka ta yi laushi, abu ɗaya ya sani. Ya ɗauko injin ban-ruwansa, ya haɗa tiyo a kan tiyo tun daga kanal har gindin tudu, ya toshe lambatun da Barau ya haƙa don kada ruwa ya tsere, ya yi ta ɗura wa wurin ruwa kwana da kwanaki har ya kwanta kamar fadama.

Sannan ya wanke ƙafa ya zo dubiya, fuskarsa cike da fara'a. Aka gaisa, aka tambayi jiki, aka tambayi mutanen Bakura da na gida da haƙurin rashi, sannan ya ce, "Baba, kak ka damu da gonarka. Na ishe ta za ta mutuwa, na ba ta ruwa ta ƙoshi."

Barau ya ɗago daga kan matashi. "Ka ba ta mi?"

"Ruwa, Baba. Har saida yat tsaya."

Hajiya Taiba, da ke bakin ƙofa da kwanon fura, ta ajiye shi a hankali. Barau ya so ya yi ihu, ya so ya yi zagi irin na mahauta wanda ake ji daga kwata har tasha. Amma yaron nan ya ƙona man injinsa ne don ya kyautata wa aminin ubansa, ga kuma goshin Ɗan Asabe sak a fuskarsa. Sai kawai ya ce, "Allah shi yi ma albarka. Je ka buɗe lambatun ga yanzu-yanzu." Da yaron ya fita, Barau ya juya fuska bango ya yi kuka, abin da Taiba ba ta gani ba ko ranar jana'iza.

Ruwa ya janye, ƙasa ta bushe ta tsage, ko ɗan kore bai fito ba. Abdulmumin ya yi ta zuwa yana dubawa. Shi a iliminsa, shukar da aka ba ruwa ba ta farfaɗo ba ta mutu, magana ta ƙare. Kuma aikin nan ya nuna masa wani abu: ashe da isasshen tiyo ruwa na hawa tudun, ke nan wurin zai yi albasa. Ƙannensa ma suka matsa a shigar da tudun cikin rabon gado. Sai ya sake zuwa, wannan karon ba fara'a, yana ta sunkuyar da kai, ya ce tunda Allah bai nufa ba, suna so su sa garma kafin ruwan fari.

"Shukata ba ta mutu ba," in ji Barau. "Kwana takai."

"Baba, ba ni son gardama da kai. Amma ba komi wurin sai tsakuwa."

"To a kira Sarkin Noma, shi duba."

Ranar da aka sa, da hantsi, Barau ya sa aka ɗora shi a babur, ƙafa a naɗe. Bai ɗauki komai ba sai ƙaramar fartanya da wuƙarsa ta kilishi a cikin kubenta. Labari ya riga shi isa. Manoman da ke fadama suka bar aikinsu suka hauro, masu wucewa zuwa Garbadu suka jingine kekuna, don ba kullum ake samun kallo kyauta ba. Sarkin Noma, dattijo mai ƙarancin magana, ya tsaya ya dogara da sandarsa ya ce abin da kowa ya sani: in akwai rai a ƙasan nan, gona tana hannun mai aro, in babu, ta koma gidan marigayi yau.

Barau ya durƙusa a kunyar farko, ta gindin tudu, ya tona. Fartanya ta shige cikin wani abu mai laushi. Ya sa hannu ya zaro saiwa baƙa, ruɓaɓɓiya, tana narkewa a yatsunsa. Ya matsa ta biyu, haka. Ta uku ma haka. Ya bi layin nan da jan gwiwa, yana tonawa yana zubarwa, gumi na ɗiga daga gemunsa, kowace saiwa kaurinta ya kai damtse, kowace ta zama kunu. Shekara biyar yana yi musu ɗaki, ga su nan. Waɗanda suka zo dariya suka rasa inda za su sa idonsu. Abdulmumin, da ya fara gane abin da ruwansa ya yi, ya tsuguna kusa da shi ya ce a hankali, "Baba, ya isa haka. Tashi mu tahi gida."

"Ban kai sama ba," in ji Barau.

Can ƙololuwar tudun akwai wasu kunyoyi a tsakanin duwatsu, inda tiyo bai kai ba, don Abdulmumin ya ga wurin ya cika tsauri bai ɓata mansa a kai ba. Barau ya ƙi a riƙe shi, ya hau da kansa yana ɗingishi. Ya share busasshen ganye, ya kai fartanya, sai ta yi tsalle ta dawo. Ya ajiye ta ya ci gaba da yatsu, yana kwashe tsakuwa ɗaya-ɗaya, har kan saiwar ya bayyana, baƙi-baƙi, da gashi-gashi a samansa, faɗinsa ya kai bakin ludayi. Ya danna da babban yatsa. Tauri gare shi kamar ɗanyen rogo.

Wani daga baya ya ce ai busasshen itace ma tauri gare shi. Sarkin Noma ya ce gaskiya ne, tauri ba rai ba ne.

Barau ya zare wuƙa ya goga ta a tafin hannu, ya yi bisimilla. Wani manomi ya miƙo adda wai a sare a gani, Barau ya harare shi har ya mayar da ita. Dattijon Makka ya gaya masa, in ka yi wa saiwar yankan rake, sau biyu za ka yanka ta ƙare. Ana so ne a ɗauke mata ɗan siriri, a bari ta yi madara, a kankare, a sake ɗauke wani siririn, a yi ta yi har damina. Wato yawan abin da za ka samu yana ga sirantar yankanka. To wa za a gaya wa siriri a Mafara? Ya kwantar da wuƙar ya ja ta sau ɗaya, ya ɗago wani faifai kamar ɓawon albasa, ya ɗaga shi sama rana ta ratso ta ciki.

Kan saiwar ya fito fari tas. Sai ga wasu ɗige-ɗige suna tsattsafowa ta gefe, suna haɗuwa, har farar madara mai kauri ta rufe wurin. Iska ta kaɗo.

Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri irin na ranar ba. Na gaba suka afka wa na baya, mai adda ya yar da addarsa, wani ya ja keke yana tari yana cewa an kashe shi. Sarkin Noma, da girma ya hana shi gudu, ya ja rawani ya rufe hanci, idanunsa na zubar da ruwa. Barau kuwa ya sunkuya ya shaƙi warin nan har cikin ransa, yana dariya hawaye na bin kumatunsa. Ya tona na kusa, da rai. Na gaba da shi ma da rai. Kunyoyin saman nan gaba ɗaya ba wadda ta mutu.

"Matacce ba shi wannan aiki," in ji Sarkin Noma ta cikin rawani. "Shuka na da rai. Gona na hannun Alhaji har shi girbe." Ya ɗan matsa baya, sannan ya tambaya, "To yaushe a ka gama girbin?"

Barau ya ce zai yi ta yankan waɗansu har ruwa ya sauka. Waɗansu kuma ba zai taɓa su ba, zai bar su su yi kara su yi fure su ba da iri, ya sake dasawa a inda suka ruɓe.

"Kai, Alhaji! Ashe aron ga ba shi da ranar ƙarewa."

Aka yi dariya daga nesa, amma Barau bai yi ba. Ya san ƙa'ida ta ba shi saiwoyin da ke ƙasa, ba ta ba shi izinin sabon dashe ba. Wannan sai mai gona ya yarda. Ya dubi Abdulmumin, wanda shi ma bai gudu ba, yana tsugune yana kallon ruɓaɓɓun saiwoyin da ke zube a gangare.

"Ni na kashe waɗanga," in ji Abdulmumin.

"Alheri ka yi nufi, ɗana."

"Babana ya ce har ka girbe. Ni ban ga an girbe ba." Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Ƙannena ni ka ba su haƙuri, a hidda tudun ga cikin rabona. Ka dasa, Baba. Injina kuwa ko hanyag ga ba shi ƙara biyowa."

Barau ya yi wa saiwar da ya yanka 'yar rumfa da kara don rana, ya dawo bayan kwana biyu ya kankare ƙaron farko, ɗan dunƙule kamar goro, ya fara yin ja. Hajiya Taiba ta hana shi shiga da shi ɗaki, ta ce ko shi ko ita. Amma ita ce ta soya ɗan ƙwaya a man gyaɗa ta zuba a labu, kuma ita ce ta fara leƙowa tsakar gida tana tambayar ko ƙamshin nan daga tukunyarta yake.

Ranar Talata, kasuwa ta cika ta batse, Barau na zaune a rumfarsa ya baza kilishin farko mai haltiti. Tun kafin azahar ana ta dawowa ƙari, har da wani mai kantin magani da ya zo ya murza ƙaron ya shinshina ya ce a riƙa ajiye masa. Barau na cikin yanka wa wani direba a takarda sai ya ji an ɗaga murya daga tsakiyar hanya, inda masu albasa da masu shinkafa suka fi cunkoso.

"Manomi! Alhaji Barau manomi! Ƙaƙa gona?"

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Muryar Ɗan Asabe ce, har da 'yar shaƙewar nan ta ƙarshe. Ya ɗago, sai ga Abdulmumin tsaye cikin mutane, ya sa hannu biyu a baki, kowa ya juyo yana kallo. Ya ƙaraso ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce innarsa ce ta gaya masa alkawarin da babansa ya ɗauka a kan tudu, shi ya sa ya zo ya cika masa.

Barau ya goge ido da bakin hannun riga, ya zaɓi faifan kilishi mafi faɗi ya miƙa masa. Sannan ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda na rumfar nesa za su ji.

"Gona lahiya lau," ya ce. "Mun gode Allah."